Abincin Italiya na asali da kuɗi kaɗan a birnin Roma: ina baƙo zai same shi?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. In Allah ya yarda zan yi kwana takwas a birnin Roma cikin watan Oktoba, domin wani horo kan harkar noma da za a yi mana a hedikwatar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Masaukina yana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini, kuma abin da na ware wa ciki bai wuce Yuro 30 a rana ba. Abokan aikina biyu da suka riga ni zuwa sun ce tun daga ranar da suka sauka har suka dawo shawarma da shinkafar 'yan Bangladesh suka ci, saboda tsoron naman alade da tsoron tsada. Ni kuwa raina bai so in je ƙasar da duniya ke yabon girkinta in dawo ban ɗanɗana komai nata ba. Ina roƙon waɗanda suka san garin su nuna mini irin gidan abincin da talakan Roma ke shiga, abin da zan nema idan na zauna, da abin da ya kamata in kauce masa.

Dalibin_Perugia:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kuɗinka zai isa, matuƙar ka san ƙofar da za ka shiga. Wurin da kake nema shi ne wanda suke kira trattoria, ko kuma osteria, gidan abinci ne na unguwa wanda galibi iyali ɗaya ke riƙe da shi, teburansa a matse, jerin abincinsa gajere, wani lokaci ma a allo ake rubuta na ranar. Wanda aka rubuta wa ristorante yakan fi tsada, ko da yake yanzu sunayen sun cakuɗe, don haka farashin da aka liƙa a bakin ƙofa shi ne abin dubawa.

Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne tsarin takardar abincin. Za ka ga an kasa ta kashi-kashi: antipasto na buɗe baki, primo wanda shi ne taliya ko shinkafa ko miya mai kauri, secondo na nama ko kifi, contorno na ganye ko dankali, sannan dolce na zaƙi. Baƙo yakan zaci dole ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tashi da lissafin Yuro 50. Su kansu 'yan ƙasar a ranakun aiki faranti ɗaya na taliya suke ci, wani ya haɗa da ganye, ya sha ruwa ya koma bakin aikinsa, kuma babu mai kallonsa. A zuwana Roma na ƙarshe na ci taliya a kan Yuro 11, ruwa Yuro 2, burodi Yuro 2.

Ummu_Sadiq:
Malam, tun kafin maganar kuɗi akwai wadda ta fi ta nauyi. Taliyar da Roma ta yi suna da ita iri huɗu ce, kuma uku daga ciki da naman kumatun alade ake yin su, wanda suke kira guanciale. Carbonara ƙwai ne da cuku da wannan naman, amatriciana tumatir ne da shi, gricia kuwa shi ne da cuku kawai. Ta huɗun, cacio e pepe, ita ce babu nama a cikinta sam: cukun madarar tumaki da masoro da ɗan ruwan da aka dafa taliyar a ciki ake juyawa har su zama miya mai kauri da ta kama kowane sili. Na ci ta sau uku lokacin da na raka maigidana asibiti a can, kuma ban gaji da ita ba. Ka riƙe kalmomin nan a takarda: maiale, guanciale, pancetta, prosciutto, salsiccia, lardo, strutto. Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu, alade ne.

Zongo_Modena:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni zan ƙara tsananta maganar. Shekarata goma sha huɗu ina aiki a kamfanin tayil a yankin Modena, mu 'yan Ghana muna da yawa a nan, kuma abin da zama ya koya mini shi ne aladen da ba a rubuta ba ya fi wanda aka rubuta yawa. Strutto ɗin da Hajiya ta ambata narkakken kitse ne, ana kwaɓa shi cikin wasu nau'ukan burodi da fanke, har da piadina ta yankinmu. Miyar wake da taliya, wadda kowa zai rantse abincin mai ƙaurace wa nama ne, sau da yawa da fatar alade ake ɗora tukunyarta. Miyar nama ta Bolonya, wadda aka yi wa rajistar yadda ake girka ta a zauren 'yan kasuwar garin a 1982, tana da pancetta kuma tana da giyar inabi. Shi ya sa ni ba na ganin laifin abokan aikinka. Wanda zai yi kwana takwas kacal, bai iya yaren ba, ya ci abin da zuciyarsa ta natsu da shi ya fi masa.

Dalibin_Perugia:
Baba Zongo_Modena, da girmamawa, yankinku ne cibiyar naman alade a duk Italiya, bai kamata a auna Roma da shi ba. Daga Roma zuwa kudu man zaitun ya fi yawa a girki, kuma akwai abinci da dama da tun asalinsu ba su san nama ba, domin abincin matalauta ne. Akwai taliya da tumatir da ganyen ɗoɗɗoya irin tasu, akwai arrabbiata mai tafarnuwa da barkono, akwai aglio e olio wadda tafarnuwa ce da man zaitun kawai. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama, kuma masu kawo abinci sun saba jin ta: «C'è maiale? C'è vino?», ma'ana akwai alade, akwai giya? A ƙaramin gida irin na iyali, mai kawo abincin yakan leƙa madafa ya tambayo maka, domin sau da yawa mahaifiyarsa ce ko ɗan'uwansa ke kan tukunya.

Damagaram_77:
Ni hatsarin da na faɗa ciki ba na alade ba ne, na lissafi ne, kuma ina so Baban_Hanifa ya ji shi da kyau. Mun fito daga ziyarar Vatikan da ni da wani abokina, yunwa ta kama mu, sai wani mutum da ke tsaye a ƙofar wani gidan abinci ya tare mu da fara'a, yana nuna mana hotunan abinci da takarda mai harsuna biyar. Na zaɓi kifi don in huta da tambaya, na ga an rubuta 8 a gabansa na ɗauka Yuro 8 ne farantin. Ashe a gefe akwai ƙaramin rubutu, all'etto, wato kuɗin kowane giram 100 ne. Aka kawo kifi mai nauyin giram 600, aka caje ni Yuro 48 a kansa shi kaɗai. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin babu wanda ya yi mini bayani alhali sun ga baƙo ne ni. Tun daga ranar ba na shiga wurin da ake kiran mutane daga bakin titi, kuma ba na cin abinci a inda nake hango wani shahararren gini daga kujerata. Tafiyar minti goma cikin lungu tana rage kusan rabin farashi.

Injiniya_Gusau:
Ina da gyara a kan lissafin Dalibin_Perugia. Ka manta da coperto, kuɗin zama da ake ɗora wa kowane kai, Yuro 2 ko 3. A Milan ban taɓa zama ba a caje ni shi ba.

Dalibin_Perugia:
Ban manta ba, Injiniya. A Milan da Firenze da nan Perugia ana karɓarsa, kuma halal ne a dokarsu idan an rubuta shi a takardar abinci. Amma yankin Lazio, inda Roma take, ya hana shi da doka tun 2006. Abin da gidajen abincin Roma suka koma yi shi ne saka kuɗin kwandon burodi, shi ne Yuro 2 ɗin da na lissafa. Wanda ba ya so yana iya cewa a ɗauke tun kafin ya taɓa. Ni dai ina barinsa, domin da shi ake suɗe miyar da ta rage a faranti, al'ada ce da suke kira scarpetta, kuma mai girki yana jin daɗin ganin farantinsa ya dawo tas. Tukwici kuma ba wajibi ba ne, wanda ya ji daɗi yakan bar Yuro ɗaya ko biyu a kan tebur.

Malam_Na_Zaure:
Tun da an taɓo halal da haram, bari in sa baki a taƙaice. Alade da giya babu saɓani a kansu. Naman sa da na rago da kaza da aka yanka a ƙasashen Ahlul Kitabi kuwa malamai sun yi magana mai tsawo, wasu sun tsaya kan zahirin ayar Suratul Ma'ida da ta halatta abincinsu, wasu sun yi la'akari da yadda mayankan zamani ke sumar da dabba da rashin ambaton sunan Allah, suka ce a bari. Haka nan cuku, domin irin wanda Ummu_Sadiq ta ambata ana daskarar da madararsa ne da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan rago, kuma wannan ma tsohuwar mas'ala ce da mazhabobi suka bambanta a kanta. Shawarata ga Baban_Hanifa ita ce ya zauna da malamin da yake ɗaukar fatawarsa tun yana gida, ya tafi da matsaya guda, kada ya tsaya yana waswasi a gaban faranti.

Ummu_Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, maganar cukun nan ban taɓa saninta ba sai yau. Zan tambaya ni ma. Na gode.

Yar_Funtua:
Ku yi mini afuwa in ɗan karkata. Ni abin da ya ba ni mamaki da 'yata ta kai ni wani gidan abincin Italiya shi ne taliyar ba ta nuna ba, tsakiyarta da ɗan tauri, kuma miyar kaɗan ce ƙwarai, ba kamar yadda muke malala ta ba. Na so in ce a mayar a ƙara dafawa, 'yata ta hana ni. Shin haka suke cin ta, ko kuwa mun faɗa hannun wanda bai iya ba? Kuma ina son sanin ko sunan taliya da muke faɗa daga sunan ƙasar ya fito.

Mai_Tarihi:
Hajiya, haka suke cin ta da gangan, suna kiran wannan taurin al dente, wato yadda haƙori zai ji ya ciji wani abu. Busasshiyar taliyarsu da alkama mai tauri ake yin ta, har dokar ƙasar ta 1967 ta wajabta hakan, shi ya sa take riƙe jikinta ba ta caɓewa kamar tamu 'yar murji da muke ci da manja da yaji. A wurinsu taliyar ce abincin, miyar rakiya ce kawai. Game da suna, mutane da yawa suna danganta taliya da Italiya, kuma kunne yana karɓar hakan. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne masanin taswirar nan Al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roger na Biyu a Sisili, ya rubuta a wajajen 1154 cewa a garin Trabia kusa da Palermo ana yin wani abinci na gari mai kama da zare da ake kira itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Tumatir kuwa daga nahiyar Amurka ya zo a ƙarni na 16, kuma ya daɗe kafin ya shiga tukunyar taliya. Saboda haka cacio e pepe da aka ba Baban_Hanifa shawara, wadda ba ta da tumatir, tana kan tsohon salon cin taliya da cuku.

Sarkin_Fawa_Jr:
Mu dawo kan tambayar. Baban_Hanifa, ginin FAO yana gefen tsohon filin tseren dawaki na Circo Massimo, kuma daga nan zuwa unguwar Testaccio tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin, ko tasha ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Piramide. Ni ɗan gidan fawa ne, shi ya sa unguwar ta shiga raina. A nan babbar mayankar Roma take tun ƙarshen ƙarni na 19 har aka rufe ta a 1975. Naman kirki yana tafiya gidajen masu hali, ma'aikatan mayanka kuma a sallame su da abin da ya rage: wutsiya, tumbi, hanji, kai da ƙafa, abin da suke kira quinto quarto, wato kashi na biyar na dabbar da aka raba huɗu. Matan unguwar ne suka mayar da wannan ragowar ta zama girkin da yau ake layi a kansa. Na ga an kawo wa wani dattijo tumbi a ƙaramar tasa ta ƙasa, an yanka shi siri-siri, ya nuna lugub cikin tumatir, ƙamshin na'ana'a yana tashi, an barbaɗa cuku a kai, sai na tuna farfesun kayan ciki na gidanmu ranar kasuwa. Suna da tsohon tsari na mako: Alhamis gnocchi, wato ƙananan curin dankali da fulawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi, kuma har yanzu wasu gidajen suna bin sa. Sai dai in faɗa maka gaskiya, wutsiyar sa da suke kira coda alla vaccinara da giya ake dafa ta, sau da yawa har da kitsen alade, don haka ni kallo na yi. Na ci gnocchi da tumatir ranar Alhamis, na kuma shiga kasuwar unguwar da rana, inda rumfuna ke sayar da abinci a tsaye a ƙasa da Yuro 10.

Zongo_Modena:
To kun gani, ɗan'uwanmu ya je har Testaccio ya dawo da kallo. Abin da nake faɗa ke nan, rabin abin da ake kira abincin gargajiyar Roma ba namu ba ne.

Sarkin_Fawa_Jr:
Rabin da ya rage ma yana da yawa, Baba, kuma kwana takwas ba za su ƙare shi ba.

Hauwa_Torino:
Akwai unguwar da ba a ambata ba, wadda take warware matsalar alade gaba ɗaya. Tsohuwar unguwar Yahudawa da ke bakin kogin Tiber, wadda Fafaroma Paul na Huɗu ya killace su a ciki a 1555, tana da gidajen abinci da ke bin ƙa'idar kosher, wato dokar abinci ta addinin Yahudawa, kuma a irin waɗannan alade ba ya shiga madafa ko kaɗan. Girkinsu na Roma ne tsantsa, ya ma girmi carbonara nesa ba kusa ba. Sun shahara da carciofi alla giudia, wani kayan lambu mai kama da furen da bai buɗe ba, ana soya shi cikin mai har ganyensa ya baje ya yi ƙaras-ƙaras, da kuma soyayyen kifin baccalà. A lura da abu biyu: ba kowane gida a unguwar ne kosher ba, sai wanda ya liƙa shaidar hakan, kuma giya tana nan a girkinsu da teburinsu, don haka tambaya ba ta faɗi ba. Farashin ya ɗan ɗara na Testaccio, amma a yi shi sau ɗaya ya dace.

Dalibin_Perugia:
Anti Hauwa, ƙaramin gyara: lokacin carciofi na Roma daga ƙarshen sanyi ne zuwa bazararsu, wajajen Fabrairu zuwa Afrilu. Wanda zai samu a Oktoba ko dai daga wani yanki aka kawo shi ko daskararre ne. Idan ka ga alamar tauraro a gefen sunan abinci, tana nufin an yi amfani da abin da aka daskarar, domin wajibi ne su bayyana. A Oktoba abin da ke kan ganiyarsa shi ne naman kaza irin na daji, wato laimar kwaɗin da ake ci, da suke kira porcini, da kabewa.

Injiniya_Gusau:
Idan arha ake nema da gaske, Napoli ce amsa. Na ci pizza marinara a can, tumatir da tafarnuwa da man zaitun da ganyen ƙamshi kawai, babu cuku balle nama, a kan Yuro 5, faɗinta ya fi farantin. Minti ɗaya da rabi take yi a tanderun itace. Ba banza UNESCO ta saka sana'ar masu yin ta cikin kayan gadon duniya a 2017 ba. Jirgin ƙasa mai sauri awa ɗaya da 'yan mintuna ne daga Termini.

Damagaram_77:
Injiniya, kuɗin jirgin zuwa da dawowa zai cinye abincin kwana biyu ko uku na mutumin nan. A Roma ma akwai pizza al taglio, wadda ake yanka maka da almakashi a auna a sikeli, ka nuna da hannu iyakar inda kake so. Ta dankali ko ta tumatir zalla Yuro 4 zuwa 5 tana ƙosar da mutum da rana. Ruwa kuma kada ya saya a titi, ya riƙe gora ya riƙa cikawa a famfunan ƙarfe da suke kira nasoni, waɗanda aka fara kafawa tun shekarun 1870, suna zuba dare da rana kuma ruwan sha ne mai sanyi.

Baban_Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na cika shafi biyu da rubutu. Yadda na fahimta, da rana in ci pizza ta awo ko abincin kasuwar Testaccio, da dare in zauna a trattoria in ci faranti ɗaya da ganye, sannan in kai maganar nama da cuku gaban malaminmu kafin tafiya. Baba Zongo_Modena, ban yi watsi da gargaɗinka ba, duk inda aka kasa ba ni amsa a fili zan tashi. Saura tambaya biyu: ƙarfe nawa ake buɗewa, kuma mutum shi kaɗai, baƙar fata da hula, zai samu tarba a irin waɗannan ƙananan gidaje?

Hauwa_Torino:
Abincin rana daga kamar 12:30 ne zuwa 3:00, sai su rufe madafa, ba za a sake buɗewa ba sai 7:30 na yamma, kuma 'yan gari ba sa cika wurin sai bayan 8:30. Wurin da ka ga yana ba da taliya da ƙarfe 5:00 na yamma, baƙi yake jira. Gidaje da yawa suna da ranar hutu guda a mako, galibi Lahadi da dare ko Litinin. Game da tarba, ba zan ce maka kowa mutumin kirki ne ba, na taɓa shiga inda aka bar ni tsaye ana zaunar da waɗanda suka zo bayana, na juya na fita. Amma wuraren da aka karɓe ni hannu bibbiyu sun fi yawa, musamman idan na fara da gaisuwa, buonasera, kafin in nemi tebur. Ba za a kawo maka takardar kuɗi ba sai ka nema, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba kamar korar baƙo ne. Ka ce «il conto, per favore», ka karɓi rasit, kuma kati yana aiki kusan ko'ina.

Zongo_Modena:
Ni dai ina nan kan bakata a maganar burodi da miyar wake. Ranar Juma'a kuma ka je babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995, akwai masu sayar da abinci a bakin ƙofa bayan an idar, ko da yake na Larabawa ne ba na Italiya ba. Idan ka dawo ka faɗa mana abin da mai kawo abincin ya ce maka da ka tambaye shi strutto.